Daga Tumbi Zuwa Tsoka: Yadda Abincin Sa Yake Sauya Namansa

Akwai wani dattijon mahauci da na daɗe ina sayen nama a rumfarsa, kuma ban taɓa jin ya tambayi dillali abin da aka ciyar da sa ba. In an kawo cinya an rataye, sai ya danna ta da babban yatsa, ya yanki ɗan tsinke ya ɗaga wa haske, sannan ya dubi kitsen. Wata safiya na tarar da cinya biyu a rataye gefe da gefe. Ɗaya ja ce mai haske, kitsenta fari, tana ɗan naso. Ɗayar ta yi duhu kamar hanta, kitsenta ɗan kaɗan ne kuma rawaya-rawaya, fuskar naman a bushe, in ka taɓa tana ɗan manne wa yatsa.

Na ce, "Baba, anya wannan ba kwana ta yi ba?"

Ya ce, "Haba ɗana, tare aka yanka su da asuba. Wannan na turke ne, ya ci dusa ya kwanta. Wancan kuwa ya ci daji, sannan ya sha hanya."

Abin da ya faɗa a taƙaice ɗin nan, masana nama a Amurka da Faransa da Japan da Ostireliya sun shafe shekaru suna bin diddiginsa da na'urori. Kuma abin da suka gano ya fi ƙarfin gardamar da aka saba ji ta "naman ciyawa ya fi" ko "naman hatsi ya fi". Ya dace mu zauna mu warware shi, domin yana da amfani ga mai turka sa ɗaya a bayan gida kamar yadda yake da amfani ga mai garke.

Mu fara da wani abu da zai ba wasu mamaki. In ka ɗauki jan nama zalla, wanda aka cire wa kitsen waje, kusan kashi 75 cikin ɗari ruwa ne, kimanin kashi 20 furotin, sauran kuma kitse da gishirin jiki. Wannan kashi 20 ɗin ba ya wani motsi sosai ko me san ya ci. Haka ma ƙananan tubalan da ake gina furotin da su, waɗanda ake kira amino asid: jerinsu a cikin kowane furotin na tsoka rubutacce ne a ƙwayar gado, ciyawa ko masara ba ta sake shi. Saboda haka wanda ya ci naman san Fulani da ya yi yawon daji, da wanda ya ci na san da aka tsare a kan masara, kusan abin gina jiki ɗaya suka samu. Bambancin yana wani wuri: wane iri ne cikin furotin ɗin ya yi yawa, wane ya yi kaɗan, sabo ne ko tsoho, kuma wane hali suka shiga bayan an sa wuƙa.

Furotin ɗin tsoka gida uku ne. Mafi yawa, fiye da rabi, su ne zarurrukan da ke janyewa su saki, waɗanda da su dabba take motsi. Manyansu aktin da mayosin, sai wasu da ke riƙe su a jere kamar yadda azara ke riƙe rufi, irin su titin da desmin. Gida na biyu suna narke ne a ruwan tsoka, mafi yawansu inzayim ne, wato sinadaran da ke gudanar da ayyukan cikin jiki, masu ƙona abinci su fitar da ƙarfi, kuma a cikinsu ne mayogulobin yake, wanda shi ke ba nama launin ja. A nan bari in ɗan ratse: jan ruwan da ke tsatsowa daga nama a faranti, wanda mutane da yawa ke ɗauka jini ne, mafi yawansa ruwa ne da mayogulobin. Jinin ya riga ya fita wajen yanka. Gida na uku shi ne abin da muke kira jijiya da tantani, wato kolajin, wanda ke naɗe tsoka ya ɗaure ta ga ƙashi. Shi ne ke narkewa ya sa romon ƙafar sa ya daskare in ya kwana cikin sanyi.

To ta ina abinci yake shiga? Sai ta tumbi, kuma duk wanda bai fahimci tumbi ba ba zai fahimci sauran zancen ba. Sa ba ya cin abinci kai tsaye kamar mu. Tumbin babban sa yana ɗaukar fiye da lita 100, kuma cike yake da ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke fara cin abin da ya haɗiya. Suna ruɓar da shi su fitar da wasu sinadarai masu tsami, san kuma ya tsotse su ta bangon tumbi ya yi makamashi da su. Biyu ne suka fi shafar zancenmu: asitet da furofiyonet. Ciyawa da kara da harawa suna ba da asitet mai yawa. Hatsi da dusa suna ɗaga furofiyonet. Shi furofiyonet hanta ce ke karɓarsa ta mai da shi sikarin jini, gulukos. Da sikari ya wadata, insulin, sinadarin da ke shigar da sikari cikin tsoka, ya tashi, wani sinadarin girma da ake kira IGF-1 ya tashi, sai tsoka ta samu saƙon cewa akwai yalwa, a ci gaba da gini. Ga shi kuma ƙwayoyin kitsen da ke zama a tsakiyar tsoka, masu yi wa nama zane-zanen fari, sun fi son gulukos, yayin da kitsen ƙarƙashin fata ya fi dogara da asitet. Dalilin da ya sa ke nan Japanawa ke tsare shanunsu na Wagyu a kan hatsi har su kai wata 30 ko kusa da haka, don kitsen ya ratsa naman.

Akwai abin da ya fi wannan ban sha'awa. Rabi ko fiye na amino asid ɗin da ke isa tsokar sa ba daga ciyawar suka fito kai tsaye ba. Daga jikin su ƙananan halittun nan ne. Suna hayayyafa a tumbi, su gangara zuwa hanji, san ya narkar da su. Wato mai kiwo, ko ya sani ko bai sani ba, halittun tumbi yake ciyarwa, su kuma su ciyar da san. Kuma su ma suna da buƙatarsu: in furotin ɗin da ke cikin abinci ya gaza kimanin kashi 7 cikin ɗari, sai aikinsu ya yi sanyi, ciyawa ta daɗe a tumbi ba ta narke ba, san ya rage ci alhali yana jin yunwa.

Wannan lamba ta 7 ita ce a ganina zuciyar matsalar shanunmu. Gamba da kyasuwa a farkon damina, suna ɗanyu shar, sun wadatar. Da kaka ta wuce, iskar hunturu ta busar da su, sai furotin ɗinsu ya faɗi ƙasa da kashi 4. Karan dawa da na gero ma haka. Ka ga sa a watan Maris yana tsaye cikin busasshiyar ciyawa, cikinsa a cike, amma haƙarƙarinsa ana ƙirgawa. Cikin ya cika, masu aikin cikin ne suka rasa abin aiki. Shi ya sa harawar wake da ta gyaɗa, waɗanda furotin ɗinsu ya haura kashi 10, suke da tsada da rani, kuma sun cancanci tsadarsu. Shi ya sa kuli-kuli, wanda ya haura kashi 40, da angurya da kowar wake suke tayar da dabba ko da ɗan kaɗan aka ba ta: ba su kaɗai take amfana da su ba, suna farkar da tumbi ne har busasshen karan ma ya narke. Kuma duk wanda ya taɓa ganin shanu suna rige-rigen tsintar 'ya'yan gawo a ƙarƙashin bishiya da tsakar rani, ya ga wannan ilimi da idonsa. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi ganye da 'ya'ya lokacin da komai ya bushe, daidai lokacin da tumbi ke neman agaji. Har takin yuriya halittun tumbi suna iya juya shi su gina furotin, amma ina roƙon kada kowa ya gwada wannan ba tare da malamin dabbobi ya auna masa ba, domin kuskure kaɗan a awo yana kashe sa cikin ɗan lokaci.

Me ke faruwa da tsoka a irin wannan rani? Tsoka ba gini ba ce da aka gama aka rufe. Kullum ana rushe wani ɓangare na furotin ɗinta ana gina sabo, kuma girma shi ne rarar da ta rage in an cire rushewa daga gini. Da yunwa ta zo, gini ya tsaya, jiki ya soma warware tsokar kansa ya aika wa hanta amino asid ta yi sikari. Hanta da hanji su ma suna motsewa don rage kashe ƙarfi. Amma kolajin ba ya saurin rushewa. Zaren nama ya sirance, jijiyar da ke naɗe da shi tana nan, sai rabonta a kowace loma ya ƙaru. Kuma tana tsufa. Kolajin ɗin maraƙi ɗaurinsa sako-sako ne, zafi kaɗan yake narkar da shi. Da shekaru suka ja, sai zarurrukansa su ƙulle juna da ƙulli mai jure wuta. San da ya yi ƙiba da damina ya rame da rani, shekara bayan shekara, yana iya kai shekara huɗu ko biyar kafin ya yi nauyin yanka. A manyan turakun Amurka kuwa, inda sa ke ƙara kimanin kilo ɗaya da rabi a rana a kan masara na wata huɗu zuwa shida, galibi ana yanka shi bai cika shekara biyu ba. Kaso mai tsoka na taushin da ake jingina wa hatsi, in ka bi shi, ƙuruciya ce. Hatsin ya kai san ga wuƙa ne kafin jijiyarsa ta tsufa.

A nan ne kiwon turke namu yake da hikimar da ta wuce yadda ake ɗaukarsa. Mutum ya je kara, a Wudil ko Maigatari ko Potiskum, ya sayi ramammen sa mai ƙashi da tsawo, ya ɗaure shi wata uku ko huɗu kafin babbar Sallah, yana ba shi dusa da harawa da kowa da ɗan kanwa. San da ya sha yunwa, in ya samu abinci, yakan yi girman ramuwa, ya ƙara nauyi da sauri fiye da wanda bai taɓa rasa abinci ba, domin kayan cikinsa sun motse, abin da yake kashewa don riƙe rai ya ragu, rarar ta tafi jiki. A wannan lokaci gini da rushewar furotin duka suna sauri, sabon kolajin mai sauƙin narkewa yana cakuɗa da tsohon, zaren nama yana kauri har rabon jijiya ya ragu. Turke ba zai mai da tsohon san huɗa maraƙi ba, ƙullin da ya riga ya ƙullu yana nan. Amma yana gyara nama gyara na gaske. Hatsarin kawai shi ne gaggawa. Na taɓa ganin wani maƙwabcinmu ya sayo sa, don ɗoki ya cika masa kwano da tsakin masara tun ranar farko. Kwana biyu san ya daina tuƙa, ciki ya kumbura, zawo ya tsinke, daga baya ya koma ɗingishi. Tumbin ne ya yi tsami fiye da kima, halittun da suka saba da ciyawa suka mutu. Hatsi sai a hankali, ana ƙarawa cikin mako biyu zuwa uku, kuma ba a taɓa janye harawa ko ciyawa gaba ɗaya.

Yanzu mu koma kan launi, wato abin da Baba mahauci ya ɗaga wa haske. Zarurrukan tsoka ba iri ɗaya ba ne. Akwai jajaye masu aiki a hankali ba gajiya, suna ƙona kitse da iskar numfashi, cike suke da mayogulobin domin shi ke ajiye musu iskar. Akwai farare masu sauri da kauri, suna ƙona sikari, suna saurin gajiya. Akwai na tsaka-tsaki. Kuma zare yana iya sauya hali gwargwadon aikin da ake sa shi da abincin da yake samu. Binciken da aka yi a Japan a kan baƙaƙen shanunsu, da wanda aka yi a Faransa a kan shanun Sharole, sun nuna abu ɗaya: waɗanda suka yi kiwo a fili tsokarsu ta karkata ga zare mai aiki a hankali da inzayim masu ƙona kitse, waɗanda aka tsare a kan abinci mai ƙarfi kuwa ta karkata ga masu ƙona sikari. Sai dai a lura, abu biyu ne suka haɗu a nan, ci da tafiya. San daji ba ciyawa kawai yake ci ba, yana taka ƙasa daga ruga zuwa makiyaya zuwa mashaya kowace rana. Raba tasirin ciyawar da na tafiyar yana da wuya ko ga masu bincike. Ƙara da cewa mayogulobin yana ƙaruwa da shekaru, sai ka ga dalilin da ya sa naman san Bororo yake da duhu tun kafin a yi zancen hanya.

Ɗanyar ciyawa tana da nata alherin da hatsi ba shi da shi. Rawayar da ke kitsen daga karotin ne, sinadarin da ke cikin koren ganye, ba alamar ciwo ko lalacewa ba ce. Kuma ciyawa tana ɗauke da bitamin E mai yawa, wanda ke taruwa a tsoka yana kare kitse da furotin daga lalacewar da iska ke jawowa. Mayogulobin yana sauya launi: sabon yanka ja ne mai duhu mai ɗan shuɗi-shuɗi, ya sha iska ya yi ja, ya daɗe ya koma ruwan ƙasa. Bitamin E yana jinkirta wannan komawa ruwan ƙasa, har ma masu turakun hatsi a Turai da Amurka sukan zuba shi cikin abinci don cike giɓin.

Akwai wani mataki da yake gaban duk waɗannan, kuma shi ne aka fi mantawa. Yawan zaren tsokar da sa zai mallaka har ya mutu ana gama ƙirga shi tun yana ciki, wajen wata na shida cikin wata tara da 'yan kwanaki na cikin saniya. Bayan haihuwa zare yana kauri da tsawo ne kawai, ba ya ƙaruwa. In uwa ta sha yunwa a tsakiyar cikinta, maraƙin zai iya fitowa da ƙarancin zare, kuma duk dusar duniya ba za ta mayar masa ba. Yi lissafi da kanka: saniyar da ta ɗauki ciki a ƙarshen damina, lokacin da take da jiki, tsakiyar cikinta zai faɗo ne daga hunturu zuwa tsakiyar rani, daidai lokacin da ciyawa ta mutu. Ni a ganina, ɗan damin harawar da aka ba saniya mai ciki a watan Janairu ya fi buhun dusar da za a ba ɗanta bayan shekara uku riba. Cewa yawan zare yana da muhimmanci haka, shanun Beljiyam da ake kira Belgian Blue sun isa shaida. A 1997 Se-Jin Lee da Alexandra McPherron na Jami'ar Johns Hopkins suka bayyana mayostatin, furotin ɗin da ke taka wa girman tsoka birki. A waɗannan shanu birkin ya lalace a gado, zarensu ya yi yawa, tsoka ta yi tudu-tudu har haihuwarsu takan buƙaci tiyata.

Sai kuma bayan yanka, inda duk abin da aka shuka a turke ko a daji yake bayyana. Tsoka ba ta mutuwa lokacin da dabba ta mutu. Tana ci gaba da ƙona ajiyar sikarinta, wadda ake kira gilaikojin, amma tunda numfashi ya tsaya sai ƙonawar ta haifar da tsami, irin sinadarin nan da ke tsamar da nono. A ma'aunin tsami da ake kira pH, wanda lambarsa ke sauka in tsami ya ƙaru, tsokar dabba mai rai tana wajen 7. In ajiyar ta isa, cikin kwana ɗaya sai ta sauka zuwa tsakanin 5.4 da 5.7. Wannan ɗan tsamin ne ke sa nama ya yi ja mai haske, ya yi ɗanɗano, ya kuma jure ƙwayoyin cuta. In ajiyar ta ƙare tun san yana da rai, tsamin ba zai samu ba, ma'aunin ya tsaya a 6 ko sama. Furotin ya riƙe ruwa gam, haske ya kasa dawowa daga fuskar naman, sai ya yi duhu, ya yi ƙarfi, ya bushe a sama yana danƙo. Cinyar nan ta biyu ke nan a rumfar Baba. Irin wannan nama ya fi saurin wari, domin ƙwayoyin cuta ba su samu tsamin da zai hana su ba, kuma da ba su tarar da sikari ba sai su afka wa amino asid kai tsaye. A garin da rana ke dukan rumfa kuma babu firji, wannan asara ce ta kuɗi da ta lafiya.

Abinci mai ƙarfi yana cika wannan ajiya, shi ya sa san turke ya fi jure wahalar ranar ƙarshe. San da ya fito daga busasshen daji ajiyarsa ƙarama ce tun farko. Sai a ɗora masa tsayuwar kara cikin rana, a haɗa shi da bijiman da bai sani ba su yi ta karo, a loda shi a tirela a kama hanyar Legas, tafiyar kimanin kilomita 1,000 daga Kano, a cunkushe, ba ci ba sha. Tsoro kaɗai yana ƙona gilaikojin ko da dabba ba ta motsa ba. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: ajiyar da ta ƙare ba ta dawowa a dare ɗaya, kwanaki take ɗauka ana ci ana hutawa. Mutanen Ostireliya sun ɗauki wannan da gaske. A tsarinsu na tantance nama, Meat Standards Australia, duk naman da ma'auninsa ya wuce 5.70 ba ya samun shaidar inganci, kuma suna neman a ce shanun sun samu abincin da ya isa girma na aƙalla kwana 30 kafin a loda su.

A cikin wannan tsari nasu akwai wani awo da ya shafe mu kai tsaye: suna auna tsawon tozo. Dalilin shi ne wasu inzayim da ake kira kalfen. Bayan yanka nama yakan sandare, aktin da mayosin su kama juna su ƙi saki. Kalfen ne ke bi suna yayyanka su desmin da titin, azarar nan da muka ambata, har ginin ya saki nama ya yi taushi. Suna da mai tsaronsu, kalfastatin, wanda aikinsa hana su. Binciken cibiyar nama ta gwamnatin Amurka da ke Clay Center a jihar Nebraska, inda Mohammad Koohmaraie ya yi suna, ya nuna cewa shanu masu tozo suna da kalfastatin mai ƙarfi fiye da shanun Turai, don haka namansu ya fi jinkirin taushi. Bunaji da Bokoloji da Rahaji duk masu tozo ne. Ban ga wannan a matsayin aibi da zai sa a raina su ba. Dabbar da ke jure zafin Afrilu da kaska da doguwar tafiya ta biya kuɗinta. Amma yana nufin abin da muke iya gyarawa, wato ci da shekaru da hutu kafin yanka, ya fi nauyi a wurinmu fiye da wurin mai shanun Ingila.

Abin da aka zuba a abinci ma yana taɓa kalfastatin. Akwai magungunan da ake haɗawa a abincin makonnin ƙarshe, irin su zilfaterol da raktofamin, waɗanda ke rage rushewar furotin don tsoka ta yi tudu. Suna ƙara nauyi, amma naman yakan ƙara tauri, musamman da zilfaterol, domin abin da ya hana tsoka rushewa a raye yana ci gaba da hana ta sakewa bayan yanka. Tarayyar Turai ta haramta wannan rukuni don ƙara girman dabbobi tun 1996, kuma a 2013 kamfanin Merck ya dakatar da sayar da Zilmax, wato zilfaterol ɗinsa, a Amurka bayan manyan mahauta sun nuna damuwa kan shanun da ke isowa da ƙyar suke tafiya. Wannan ya isa ya sa mai turke ya yi hattara da duk wani garin "ƙara ƙiba" da ba a san abin da ke cikinsa ba.

Kalfen suna buƙatar lokaci, shi kuma nama yana buƙatar sanyi don ya jira su ba tare da ya lalace ba. A ƙasashen da ake rataye nama a ɗakin sanyi mako ɗaya zuwa uku, suna gama aikinsu. Can ma kitsen da hatsi ya shimfiɗa a bayan dabba yana da wani amfani na gefe: yana zama bargo. Masu bincike a New Zealand sun gano tun farkon shekarun 1960 cewa in nama ya yi sanyi da gaggawa, ƙasa da digiri 10, kafin ya gama tsami, sai zarensa ya takure ya yi tauri, kuma ramammen nama marar bargon kitse shi ya fi faɗawa wannan. Mu kuwa a yawancin kasuwanninmu ana yanka da asuba, a sayar da hantsi, a ɗora tukunya da azahar, wato sau da yawa naman yana shiga wuta ne a daidai lokacin da yake sandarewa, kalfen ba su yi nisa da aikinsu ba. Girkinmu ya daɗe da sanin wannan. Doguwar dahuwar farfesu da miya tana narkar da tsohon kolajin. Ganyen gwanda da ake naɗe nama da shi yana da nasa inzayim mai yanka furotin, yana yin aikin da kalfen ba su samu damar yi ba. Mai tsire yana yanka siriri, yana tsinke zaren a gicce. Mai kilishi kuwa jan nama marar kitse yake nema daga cinya, don haka san da ya yi kiwo a fili ya fi masa na turke mai kitse a tsakiya, muddin dai ba mai duhun nan ba ne da ke riƙe ruwa ya ƙi sakin sa a rana.

Na koma rumfar Baba bayan wasu makonni na tarar duk naman da ke rataye ja ne mai haske. Na ce, "Baba, yau duk na turke ne?" Ya ce a'a, biyu daga daji suke, ranar kasuwar da ta wuce ya saye su. Tun ranar suna ɗaure a inuwar darbejiya a bayan gidansa, kowanne da turkensa nesa da ɗan'uwansa don kada su yi karo, ga ruwa a baho, ga harawa da ɗan dusa safe da yamma. Kwana shida suka yi a haka kafin ya kai su kwata.